Awon da Na Yi Ina Kau da Kai

Masu karatu, yau ba zan yi muku kwalliyar magana ba. Masu turo mini saƙo kuna cewa "ke dai kin ji daɗi, ga aiki ga miji na tafe," ku gyara zama, don abin da zan faɗa muku ko Ummata ban faɗa mata ba. Na yi kuskure a wurin aiki, kuma a jikin matar da ta haifi wanda nake son aura na yi shi.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, a sashen masu ciwon daji na asibiti nake aiki, can ƙasan bene inda ake gashi, wato ƙona ciwo da hasken na'ura. Ni ba likita ba ce, ba kuma nas ba. Likita ke rubuta yawan hasken da za a ba wa ciwo, ni da Ogana mu lissafa mu auna, mu tabbatar abin da aka rubuta shi jiki ya sha, ba ƙari ba ragi. A gidanmu ba wanda ya damu da wannan dogon bayanin. Gwaggo, yayar Abbanmu, 'Yar Haske take kirana, kuma ba yabo ba ne. A lissafinta hasken nan ne ya kore mini manema biyu, don duk dangin da suka ji inda nake aiki sai su ce ai ya gama ƙone mini mahaifa. Na taɓa nuna mata ɗan bajon da nake maƙalawa a ƙirji, na ce shi ke auna abin da jikina ya sha, kuma shekara huɗu bai nuna abin tsoro ba. Ta juya shi gaba da baya, ta ce, "Yanzu wannan ɗan murfin kwalbar ne zai haifa miki 'ya'ya?"

Na uku shi ne Injiniya. Aikin ruwan famfo yake yi, mutum ne mai yawan dariya, kuma Likita yake kirana duk da na gaji da gyara masa. Shi ne auta a cikin maza biyar, mahaifinsu ya rasu, saboda haka magana tana hannun mahaifiyarsa. Tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata ce, shekara talatin tana riƙe da bulala da rajista, har 'ya'yan cikinta Malama suke ce mata. Sau ɗaya na je gaishe ta. Na zauna a kan darduma kaina a ƙasa, ta dube ni ta saman tabarau, ta tambaye ni ko ina son aikina. Na ce ina so. Ta ce, "To, za mu gani." Wata uku ke nan gidanmu ana jiran a gani.

Ranar Litinin ɗin da abin ya faru, na fito na tarar Umma ta goge mini farar rigar aiki da kanta, ta rataye a bayan kujera. Ina ɗaura ɗankwali a gaban madubin falo tana bi na da ido.

"Wannan atamfar ta koɗe. Ba ki da wata?"

"Umma, farar riga za ta rufe ta."

"Ke dai ki dinga kula da kanki. Ba ki san inda ido yake ba. Wannan karon in ya suɓuce, ni ban san me zan ce wa Gwaggonku ba."

Ina cikin mota saƙon Injiniya ya shigo. "Likita, an tashi lafiya? Malama ta tafi wurin ƙanwarta jiya, kwana biyar za ta yi. Ta ce in ta dawo za ta ba da amsa. Ki tsananta addu'a, ni har na rame." Na tura masa fuskar dariya, na ce wanda ya rame ba ya cin burodi biyu da safe.

A teburina na tarar da fayil ɗin sabuwar marar lafiya. Sunan da ke kai bai ce mini komai ba, don ban taɓa jin an kira ta da shi ba. Shekara sittin da uku, ciwon daji a mama na hagu, an cire ƙullutun mako biyu da suka wuce. Irin gashin da za a yi mata na ciki ne. Likita takan sa ɗan balan-balan a gurbin da aka cire ƙullutun, a cika shi da ruwa, a bar siririn tiyo a waje. Sai a haɗa tiyon da na'ura, wata 'yar ƙwaya mai haske, da ba ta kai ƙwayar shinkafa biyu ba, ta bi ta ciki ta tsaya a tsakiyar balan-balan ɗin na 'yan mintuna, sannan ta koma gidanta. Sau biyu a rana, safe da yamma, kwana biyar.

Abin tsoron a nan fata ce. In balan-balan ya matso kusa da fata, hasken da aka aika wa ciwo sai ya haɗa da ita ya gasa. Shi ya sa a zaman farko muke manna wasu 'yan ƙwayoyi farare a daidai inda fata ta fi kusa da shi. Su kan sha hasken tare da fatar, in an gama mu kai su na'ura ta karanta nawa suka sha. 'Yan shaida muke ce musu a sashenmu. Wurin da za a manna su tun ranar ɗaukar hoto ake yi masa alama da shuɗin tawada, kuma aikina bai wuce in ɗora su a kan alamar nan daidai ba.

Na ɗauki 'yan shaida da filasta na tura ƙofa. Abin da na fara gani takalma ne baƙaƙe a jere a ƙarƙashin kujera, da mayafi ruwan toka an ninke shi kamar za a sayar, da tabarau a kansa. Sannan na ga fuskar da ke kan matashin.

Ban san lokacin da na durƙusa da farar rigata a ƙasa ba.

"Malama, ina kwana."

Ta dube ni. Sannan ta ce wa nas, "'Yata, ɗan ba mu wuri." Nas ta fita tana waiwaye.

"Na ce musu ba na son namiji ya taɓa ni," in ji ta. "Suka ce akwai mace ɗaya a masu awon. Ban kawo ke ba ce."

"Mu biyu ne mata, ɗayar tana hutun haihuwa, Malama."

"Auta ya san ina wurin ƙanwata, lokacin tiyatar ma haka na ce musu. Shi da yayyensa haka za su ci gaba da sani. Kin ji ni?"

"Na ji."

"Ko a nan ba na son a san kin san ni. Tashi ki yi aikinki."

Akwai doka a sashenmu, in ka san marar lafiya sai ka faɗa wa Oga kafin ka taɓa shi. Na san dokar sarai, har na taɓa koya wa sababbin ma'aikata. Amma wadda ta ce in yi shiru ita ce amsar aurena ke bakinta, sai na yi shiru.

Ku da kuke karantawa, ku faɗa mini tsakani da Allah. Matar da ko idonta ban iya kallo, wadda na zauna a gabanta awa guda ban san kalar labulen falonta ba, ita ce yau aka ce in yaye wa zane in dubi ƙirjinta. Na yi wa mata sun fi ɗari wannan aikin, ban taɓa jin komai ba. Ranar nan kuwa na kasa. Na ɗaga gefen zanen gadon kaɗan, na hango shuɗin tawada sau ɗaya kamar walƙiya, na kau da kai na zuba wa agogon bango ido. Da lalube na ɗora 'yan shaida, da lalube na manna filasta, na saki zanen. Ita ma rufin ɗakin take kallo.

Muka fito duka, aka ja ƙatuwar ƙofar nan mai nauyi. Ta talabijin ɗin bango muke kallonta, tana kwance ita kaɗai, leɓɓanta na motsi. Minti bakwai ƙwayar ta yi a ciki ta koma.

Da muka shiga, nas ta yaye zanen gaba ɗaya don ta cire tiyo, ita ba ruwanta da kunyar kowa. A nan na gani. Alamar tawada tana zaune fili, ba komai a kanta. Filastata tana ƙasa da ita da faɗin yatsa biyu.

Na yi wuf na ɓare ta kafin nas ta juyo. Wallahi hannuna ya riga tunanina, kuma wannan saurin shi ya fi ba ni tsoro a yanzu in na tuna.

A ɗakin awo na sa su a na'ura. Mu kan ɗauki abin da likita ta rubuta wa ciwo a matsayin ɗari. Dokarmu kada fata ta wuce ɗari da ashirin da biyar. Kwamfuta ta yi hasashen ɗari da sha takwas. 'Yan shaida suka ce casa'in da tara.

Oga ya leƙo da bironsa a bayan kunne. Dattijo ne marar hayaniya, shi ya koya mini aikin tun ina tsoron taɓa na'ura.

"Nawa?"

"Casa'in da tara."

"Madalla. Dama kwamfuta takan ƙara gishiri, amma wannan ta ƙara da yawa. Baiwar Allah ta yi sa'a." Ya sa hannu a takardar. "A ci gaba da tsarin. Zama na biyu ƙarfe uku."

Ya fita. Ni kuwa na san casa'in da taran nan shaidar zur ce. Hasken nan kamar zafin fitila yake, yatsan da ke dab da harshen wuta da wanda ya ja baya kaɗan ba abu ɗaya suke ji ba. Faɗin yatsa biyu a wurinmu tafiya ce mai nisa. Na auna wurin da ba shi aka ce in auna ba, wurin da ake tsoro kuma ba wanda ya san nawa ya sha. Sau ɗaya ake awon, a zaman farko. In ya yi kyau shi ke nan, sauran zama tara haka za a yi su ido rufe.

Zuciya ta fara ba ni shawara irin tata. Ai kwamfuta ta ce ɗari da sha takwas, bai kai iyaka ba, me zai faru? Sai ɗaya zuciyar ta ce, hoton da kwamfuta ta yi lissafi da shi na ranar Juma'a ne, yau Litinin. Kumburin aiki yana saɓewa, in ya saɓe fata takan matso. Ba don haka ba me ya sa ake awon? Na ce to da yamma in ɗauki wasu 'yan shaida in manna a ɓoye. Amma a kulle suke, kowace da lambarta, sai Oga ya sa hannu ake fitar da ko ɗaya. Ba ƙofar baya.

Na tuna wata mata da aka turo mana daga wani wuri shekara biyu da suka wuce, fatar ƙirjinta ta ƙone ta zama gyambo. Ciwon dajin ya tafi, gyambon ya zauna. Wata takwas ana wanke shi, rigar kirki ba ta iya sawa. Ta ce mini ta fi jin tsoron ranar wanki fiye da ranar da aka faɗa mata cutar.

Na koma ɗakin canza kaya na zauna a kan benci, abincin da Umma ta zuba mini yana jaka ban buɗe ba. Waya ta yi ƙara. Gwaggo ce ta turo murya.

"'Yar Haske, an ce tsohuwar ta kusa ba da amsa. To ki kama kanki, ki zama kamar ruwa ya ci ki. Kada a ji ki kada a gan ki sai alheri. Na uku ne fa wannan, ni kunyar mutane ta ishe ni."

Ban gama saurara ba saƙon Injiniya ya hau kai. "Likita, na kira Malama, muryarta wani iri. Ta ce mura ce. Me ake ba mai mura in saya in aika mata? Ba na son jin ta haka."

Na karanta ya fi sau biyar. Hawaye ya ɗigo a kan gilashin wayar. In na yi magana, za a rubuta ni, za a san na ɓoye sanayya, kuma Malama za ta san yarinyar da ɗanta ya kawo ko manna filasta ba ta iya ba. In na yi shiru, watakila ba abin da zai faru, a ba da amsa, a sha biki. Watakila kuma wata rana in zauna a gidanta a matsayin matar Auta, ana wanke mata gyambo, ina miƙa auduga, ni kaɗai na san daga ina ya fito. Wannan hoton ne na kasa haɗiyewa. Ba jarumta ba ce, kada ku yabe ni. Tsoro ne ya fi wani tsoron ƙarfi.

Ƙarfe ɗaya saura na ƙwanƙwasa ofishin Oga. Yana tsoma burodi a shayi.

"Oga, awon safe ba daidai ba ne. Ban ɗora a kan alama ba."

Ya ajiye burodin. "Da nawa kika kauce?"

"Yatsa biyu, ta ƙasa."

"Yaushe kika sani?"

"Lokacin cirewa."

"Kafin in sa hannu ke nan."

"E."

"Shekara huɗu ban taɓa kama ki da milimita ɗaya ba. Me ya faru?"

"Ban kalla ba. Kunya na ji."

"Kunyar wa?"

"Mahaifiyar wanda zan aura ce."

Ya zare biron daga kunne ya ajiye a tebur. Da ya yi mini tsawa da na fi jin daɗi.

"Kuskure biyu kika yi," ya ce. "Na hannu, kowa na yi. Na baki kuwa, kin bar ni na sa hannu a kan abin da kika san ba haka yake ba. Zan rubuta rahoto, zai shiga fayil ɗinki, ba zan ɓoye miki ba. Da ina da wata mace da na cire ki daga aikin nan yanzu. Ba ni da ita." Ya ɗauki wayar tebur. "Zan ce wa Likita a dakatar da na ƙarfe uku, a sake hoto. Amma ba a mayar da mutum na'urar hoto ba a faɗa masa dalili ba. Ke za ki faɗa mata."

Na same ta a ɗakinta na sama, zaune a gado, ta sa tabarau tana jan carbi. Ƙanwarta ta fita sayo ruwa. Na tsaya a bakin gado. Gwiwata ta so ta kai ƙasa, na hana ta.

Na faɗa mata komai, ban rage ba. Na ce abin awon ban ɗora shi inda ya kamata ba, na ce na gani na ɓoye, na ce yanzu ba mu san nawa fatarta ta sha ba sai an sake hoto.

"Maimaita dalilin," ta ce.

"Kunyarki na ji, Malama. Na kasa kallo."

Ta cire tabarau ta ninke a hankali.

"Da safe kin durƙusa mini. Kin ɗauka durƙuso na zo nema a nan? Ina da masu durƙusa mini a gida, har sun yi mini yawa. Na kwanta a gadon nan na ba ki jikina don an ce ke kin san abin da ni ban sani ba. Ashe agogo kike kallo."

"Ki yafe ni."

"Ba a kai nan ba tukuna. Wa ya kama ki?"

"Ba kowa."

"Nas ba ta gani ba?"

"Ba ta gani ba."

Ta dube ni irin kallon da na tabbata ya sa ɗaruruwan 'yan mata fitsari a layin taro. Sannan ta sauko da ƙafafunta tana neman takalmi. "Mu je a yi hoton. Ranar wanka ba a ɓoye cibiya."

Hoto ya fito, ni da Oga da Likita muka tsaya a gaban kwamfuta. Ranar Juma'a tsakanin balan-balan da fata milimita bakwai ne. Yau biyar. Kumburi ya saɓe kamar yadda na ji tsoro. Oga ya sake lissafin zaman safe da sabon hoton, ya fito ɗari da arba'in da ɗaya. Likita ta dafa tebur ta ce, "Da an yi tara a haka." Ba ta ƙarasa ba, ba kuma wanda ya nemi ta ƙarasa.

Aka sake tsari, aka sa ƙwayar ta fi daɗewa ta ɓangaren da ke nesa da fata. Ƙarfe huɗu da rabi aka shigo da Malama. Oga ya ƙirgo mini 'yan shaida a tafin hannu, ya ce nas ta tsaya a kaina ta sa hannu ita ma.

Na kai hannu zan ɗaga zanen, Malama ta riga ni. Da kanta ta yaye shi har ciki.

"Buɗe idonki," ta ce. "Ni ma nawa a buɗe suke."

Na kalla. Ɗinki ne mai tsawon ɗan yatsa, da tiyo yana fitowa ta gefe, da fatar tsohuwa mai laushi wadda ta shayar da maza biyar. Ba wani abin kunya a wurin, ciwo ne kawai da mai ciwo. Na sa 'yan shaida a tsakiyar alamar, na ɗauko ɗan ma'auni na duba ta sama da ta gefe, na manna filasta, na ce wa nas ta duba. Duk tsawon lokacin idon Malama na kan fuskata.

Awon ya fito ɗari da sha biyu.

Ana gab da tashi nas ta ce Malama tana nemana. Rana ta yi sanyi, tana shigowa ta tagar ɗakin. Ƙanwarta ta ba mu wuri ba tare da an ce mata ba.

"Nawa?" ta tambaya.

"Ɗari da sha biyu. Yana ƙasa da iyaka."

"Na safe fa?"

"Wurin zai yi ja, zai yi ƙaiƙayi, watakila ya saɓule kaɗan. Likita ta ce tunda sau ɗaya ne zai warke, in sha Allahu."

Ta gyaɗa kai. Na ce, "Malama, in kin ga a fasa maganar, ba zan ga laifinki ba."

"Ban kira ki don wannan ba. Wannan maganar tana nan inda take, ban yanke ba, kada ki sa rai kada ki cire." Ta nuna mini gefen gado. "Zauna."

Na ɗosana. Ta daɗe tana murza carbin ba ta ja.

"Wata bakwai ina jin ƙullutun nan a jikina kafin in zo asibiti. Kullum in na yi wanka sai in taɓa shi, in ce gobe. Kin san me ya hana ni?"

Na girgiza kai.

"Ba ni da 'ya mace. Duk wanda zai kawo ni asibiti a cikinsu sai ya tambaya me ke damuna. Ta ina zan fara? In dubi ɗan da na haifa in ce masa nonon da ka sha ne ya ruɓe?" Ta ajiye carbin a kan cinyarta. "Na yi miki faɗa ɗazu, kuma kin cancanta. Amma ke taki kunyar yatsa biyu ce. Tawa wata bakwai. Likita ta ce Allah ne kawai ya rufa asiri bai bazu ba."

Matar da nake tsoro tun kafin in gan ta, ga ta a gabana hawaye na bin gefen hancinta, ba ta share ba.

"Sau huɗu Auta ya kira ni yau," ta ce. "Na gaji da ƙaryar mura. Ɗauko wayarki."

"Malama?"

"Kira shi. Ke kin iya tsayawa a gaban mutum ki faɗi abin da ba ya son ji, na gani da idona. Ni ba zan iya ba. Ki faɗa masa inda nake, da abin da ke jikina, da sunan ciwon. In ya tambayi abin da ya faru da safe, wannan kuma tsakaninku."

Na danna lambarsa. Ƙara ɗaya ya ɗauka, da hayaniyar titi a bayansa da dariyar nan tasa.

"Likita da kanta! Yau wace rana? Kin samo mini maganin murar?"

Malama ta ja zanen gado ta rufe fuskarta ruf. Ta ƙarƙashin zanen hannunta ya lalubo nawa, ta riƙe shi gam har ƙashina ya yi zafi.

"Injiniya," na ce, "tuƙi kake yi?"

"E, me ya faru? Muryarki fa?"

"Samu wuri ka tsaya. Ina tare da Malama."